Bencin Munzali

Munzali bai ce mini Baba ba
sai da ya shekara bakwai.
Ranar ma ba ni ya kalla ba,
akuya yake kallo tana shan ruwa.
Na yar da galma na zauna a ƙasa,
Hansatu ta ce, lafiya?
Na buɗe baki, na kasa amsawa.

Da hantsi yana gindin rumbu
yana jera ƙwallayen dabino,
manya a gaba, ƙanana a baya,
sahu miƙaƙƙe, ba mai leƙowa.
In kaza ta ture guda ɗaya
gidanmu ya kama da wuta ke nan,
sai ya mayar da shi gurbinsa
kafin numfashinsa ya soma dawowa.

Injin niƙan Ɗanlami in ya tashi
yakan toshe kunne ya durƙusa.
Mun koyi bi ta bayan makabarta,
hanya ce mai nisa, ga ƙaya,
amma ita ke kai mu kasuwa.

An ce iska ce. An ce jifa ne.
An ce uwarsa ta tsallake wani abu da almuru
tana da cikinsa wata biyar.
Tunkiya biyu da buhun riɗi
suka tafi a hayaƙi da saiwoyi.
Wani ya ce in sa masa mari.
Na dubi ƙwaurin nan kamar sillen kara,
na ɗauki ɗana na fita, ba waiwayowa.

A asibitin Jahun wata ma'aikaciya,
tabaranta ɗaure da zaren lilo,
ta ce, galahanga ake ce masa,
ba wanda ya jefe shi, ba laifin uwa.
Hansatu ta ja mayafi ta rufe fuska.
Shekara shida tana dakon dutsen nan,
sai ranar na ga kafaɗarta na saukowa.

Sau huɗu na je wurin hedimasta.
Da fari ya ce babu benci.
Na koma, ya ce zai firgita yara.
Na uku aka ce ya tafi Dutse,
ga kuwa babur ɗinsa a inuwa.
Na huɗu da benci na zo a ka,
na icen darbejiya, kuɗin gyaɗata,
na dire shi can baya, jikin taga,
na ce, ga wurin zama, saura karantarwa.

Wata rana ya yi awa guda a aji,
wata rana ko addu'ar safe ba ya kaiwa.
Malama Rakiya ta bar shi da ƙwallayensa,
da su yake tarawa, da su yake ɗebewa.
Yayarsa Asiya ta fasa wa ɗan Maikuɗi leɓe
don ya ce masa gaula a bakin famfo.
Na yi mata faɗa a gaban mutane.
Da dare na sayo mata awara.

Akwai daren da barci ke ƙi na.
Ina jin gunjinsa a hankali bisa tabarma,
ina ƙirga furfurata a duhu,
ina tambayar wa zai san hanyar bayan makabarta
ranar da aka bi da ni ta nan, ba dawowa.

Shekaranjiya bayan isha'i aka yi sallama.
Malam Sabi'u ne, maƙwabcina na shekara ashirin.
Ya daɗe yana murza hularsa,
ya yi zancen taki, ya yi zancen damina,
can ya ce yana da 'ya, Ummulkairi,
ba ta taɓa taka zaure ba,
ko ni ban san da ita ba.
Ya ce, wa ya yi maka bencin nan?

Na ce, Sabi'u, bar kuɗinka a aljihu.
Da gangan na sa aka yi shi da tsawo.
Ku fito da sassafe, mu biya ta bayanku,
kafin injin Ɗanlami ya soma tsawa.